Injin ya zo da ƙwaƙwalwarsa a leda

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 1990, kuma ta girmi duk ƴaƴana. Na saye ta hannun wani abokin aiki da zai yi ritaya. Ita ke kai ni makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye kudu da Maradi, ita ke kai tsohuwata asibiti duk wata, da kaka kuma ita ke ɗauko mini buhunan hatsi daga gona. A watan Maris na bara, ina dawowa daga aiki, inji ya yi wata ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, ya tsaya cik. Da igiya aka jawo ta zuwa gari.

Makanikina dattijo ne, ya fi shekara 30 a sana'ar, kuma tun da na sayi motar ban taɓa kai ta wani garaji ba. Ya kwance injin, ya duba, ya ce: «Malam, wannan ya ci lokacinsa. Kuɗin da za ka zuba a gyara, gara ka ƙara ka sayi wani.» Injin da ke cikin motar shi ne wanda ake kira 2E, mai kafireta. Muka nemi irinsa mai lafiya, duk wanda muka gani ya gaji kamar nawa. Daga ƙarshe wani dillali ya samo mini ƙanensa daga Kano, wato 4E-FE. Girmansu kusan ɗaya ne, na farko 1295, na biyu 1331, kuma ƴan gida ɗaya ne. Sai dai shi wannan ba ya da kafireta. Allurai huɗu ke fesa masa mai. Na ci bashi a adashen malamai, na haɗa da abin da ke hannuna, na biya.

Ranar da injin ya iso ina garajin. An sauke shi a kan tsohuwar taya, wayoyi na reto a jikinsa, an datse su gaba ɗaya da wuƙa kamar an yanke damin dawa. Direban da ya kawo ya miƙo mini wata baƙar leda, ya ce: «Ga biren-bos ɗin nan, kar ya ɓace.» Haka ƴan Najeriya ke kiranta, mu kuma a garajinmu kalkilatar ake cewa. Cikin ledar akwai wani akwatin ƙarfe da bai wuce girman littafin karatu na ƴan CM2 ba, da soket ɗinsa, da guntayen wayoyi masu launi-launi da tsawonsu bai fi taƙi ɗaya ba. Tsakanin guntayen da ke jikin akwatin da waɗanda ke jikin inji, abin da ya kamata ya haɗa su ya rage can a motar da aka ciro shi. Na juya akwatin a hannuna, ban ga abin da zai hana mota tashi ba.

Daga baya na fahimci abin da na riƙe. Kafireta ba ta buƙatar kowa ya gaya mata komai. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo mai, makaniki kuma ya daidaita da sukundireba da kunnensa. Inji mai allura yana jiran umarni. Akwai ƙananan na'urori a jikinsa da ke aunawa: ɗaya zafin ruwa, ɗaya zafin iska, ɗaya ƙarfin zuƙar iska, ɗaya yadda aka taka totur, ɗaya saurin juyawar inji, ɗaya kuma a salansa tana duba ko man ya ƙone daidai. Duk suna aika labari ta waya zuwa wannan akwati. Shi ke lissafa yawan man da za a fesa da lokacin da buji zai ba da wuta, yana yi yana sakewa muddin inji na juyawa. Damin wayoyin nan, wanda ƴan garaji ke ce wa feso, shi ne jijiyoyin. Ƙarfen inji komai lafiyarsa, in jijiya ɗaya ta kawo labarin ƙarya, ƙwaƙwalwar za ta yanke hukunci a kan ƙaryar.

Dattijo ya ɗora injin cikin kwana biyu, ya haɗa shi da giya, komai ya zauna. Da aka zo kan wayoyi sai ya ba ni shawarar da ake ba mutane da yawa: a cire alluran, a ɗora tsohuwar kafiretata da delkonta, a jefar da akwatin, kowa ya huta. Na ƙi, saboda an gaya mini mai allura ya fi tattalin mai, ni kuwa mai ne ke cinye albashina. Sai babban yaronsa ya ce zai iya. Ya sa famfon mai na lantarki, ya bi launi, ja da ja, kore da kore, ya murɗa su da hannu ya naɗe da baƙin sikoc. Da yake wayoyin gajeru ne, ba su kai cikin ɗakin mota ba, sai ya ɗaure akwatin kusa da batir da tsinken robar taya. Aka murza makulli, mota ta tashi. Muka yi murna, na ba yara kuɗin shayi.

Murnar ba ta yi mako ba. Motar na fitar da baƙin hayaƙi, buji na yin baƙi ƙirin, man da ke kai ni makaranta kwana huɗu ya koma kwana biyu. Abin da ya fi muni, in ta yi tafiya ta ɗau zafi, sai ta mutu ba gargaɗi. Wata Laraba cikin Afrilu ta mutu mini a tsakiyar titi da azahar, tsohuwata na kujerar baya za mu asibiti. Wanda ya san Afrilun Maradi ya san zafi na wuce digiri 40. Na tsaya ina tura mota, ita kuma tana fifita da gefen mayafinta, ba ta ce komai ba. A adaidaita muka ƙarasa. Mako uku ina zarya garaji, an canza buji sau biyu, an wanke allurai, an canza famfo, kuɗi na tafiya, ciwo na nan.

A cikin waɗannan makonni wata wuta ke ci a gidana. Babban ɗana yana aji na uku a kwaleji, wanda muke ce wa katiriyam, kuma makinsa sai ƙasa yake yi. Shi nake aika garaji ya dubo mini ko an gama, sai ya kai magariba bai dawo ba. Wani dare ya sa uwarsa ta gaya mini cewa yana son barin lakwal ya koyi gyaran mota. Na kira shi, na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce garaji matattarar waɗanda suka kasa ce, ɗan malami ba zai ƙare a ƙarƙashin mota da baƙin mai a fuska ba. Ya sunkuyar da kai ya fita. Kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Dattijo ne ya yanke shawarar da ta fitar da mu. Ya ce mini: «Malam, abin da kunne ke ji na sani. Wannan ba ya magana da kunne. Akwai wani yaro mai gyaran wutar mota, na aika a kira shi.» Da safe wani matashi ya iso a kan babur, jaka a bayansa. Ya sauka, ya durƙusa ya gaida dattijo, ya juyo gare ni yana murmushi: «Mushe, ina kwananku? Ba ku gane ni ba ko?»

Na gane shi da ya ambaci shekarar. Ya yi CM2 a hannuna. Yaro ne mai jinkirin karatu, in an sa shi karanta layi uku sai aji ya gaji da jira. Na mayar da shi benci na baya, inda muke ajiye waɗanda muka cire rai da su. Na tuna ranar da na kama shi ya kwance tocila a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasi, na ƙwace, na yi masa bulala. Ya shiga kwaleji da ƙyar, ya yi shekara biyu aka sallame shi. Kawunsa ya kai shi cibiyar koyon sana'a, irin waɗanda ake kira CFM, daga nan ya yi shekaru a hannun wani mai gyaran wuta.

Bai fara da kwance komai ba. Ya tada motar, ya bar ta ta yi zafi, ya ce in taɓa akwatin. Na taɓa na janye hannu. Ya ce: «Mushe, masu ƙera motar a cikin ɗaki suka ajiye wannan, ƙarƙashin tabulo, inda mutane ke zaune. Nan kuwa ga zafin inji, ga ƙura, ga girgiza, damina na zuwa ga ruwa.» Sannan ya tambaya ina fitilar da ke nuna ciwon inji. Babu, domin motar kafireta ba a yi ta da ita ba. Ya ɗauko ƙaramin ƙwai ya haɗa a wayar da aka tanada don haka. Ya kuma gano cewa ƙwaƙwalwar na buƙatar wuta iri biyu, ɗaya mai zuwa in an murza makulli, ɗaya mai zuwa daga batir dare da rana don ta riƙe abin da ta gani. An haɗe su duka a kan makulli, saboda haka duk lokacin da aka kashe mota sai ta manta komai. Ya gyara wannan, muka zaga gari har ta mutu kamar yadda ta saba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. A tsofaffin Toyota masu allura akwai wani ƙaramin soket na bincike. Ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa rami biyu, TE1 da E1, ya murza makulli, sai ƙwan ya fara ƙyaftawa. Ya ce mu ƙirga. Ɗaya, shiru, huɗu: 14. Sannan biyu, shiru, biyu: 22. Ya buɗe wayarsa ta hannu, inda ya ajiye hotunan littafin gyara, ya bi layi da yatsa a hankali, leɓensa na motsi, kamar yadda yake yi a ajina. Lamba 14 na nufin ƙwaƙwalwa ba ta samun amsar da ke tabbatar mata cewa wutar buji ta tashi. In amsar ta ɓace, sai ta yanke mai da kanta don kar ya taru bai ƙone ba. Wayar amsar tana cikin waɗanda aka murɗa da hannu, in zafi ya sassauta sikoc sai ta saki, mota ta mutu. Lamba 22 kuwa ta na'urar zafin ruwa ce.

Ya fito da mita ya nuna mana. Wannan na'ura, in ruwa na da sanyi takan tare wuta sosai, kusan om 2000 zuwa 3000 a digiri 20, in inji ya yi zafi zuwa digiri 80 sai ta sauko kusan om 300. Da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane zafi. Ya auna a bakin na'urar, lissafi daidai. Ya auna a ƙarshen wayar, wajen akwati, adadin ya ninka sau da yawa, yana hawa yana sauka in an taɓa mahaɗin. Mahaɗin da aka murɗa ya yi datti, yana ƙara nasa a kan na na'urar. Ya ce: «Mushe, ita a ganinta inji bai ɗumama ba tukuna, shi ya sa take ta ƙara mai.» Mu muna gasuwa a Afrilu, ƙwaƙwalwar motata na zaton asubar hunturu ce.

Ya ce ba faci zai yi ba, sai an kwance duka an sake, an mayar da akwatin cikin ɗaki. Ya kuma gano daga takardar jikin akwatin cewa injin daga Japan ya fito, inda sitiyari ke hannun dama, don haka hanyar da wayoyin suka bi a can ba za ta yi daidai da tawa ba. Dole a zaɓi sabon wuri, a auna tsawo, a ƙara waya. Ya zaɓi bayan akwatin ajiye takardu da ke gaban fasinja, sama da inda ƙafa ko ruwa za su kai.

Wayoyin sun kusa 30, kuma bin launi kaɗai ba ya isa, don akwai masu launi ɗaya da aiki daban. Kowace sai an duba zanen, an ga ramin da take shiga da sunansa. Allon wayarsa ƙarami ne, hannuwansa biyu na cikin aiki. Ya waiwaya ya ga ɗana tsaye a gefe, ya ce: «Ƙanena, kai idonka ya fi nawa sauri. Riƙe, ka riƙa karanta mini.» Na buɗe baki zan ce yana da darasi, na fasa.

Kwana uku suna wannan aiki, ni ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Ɗana na karantawa: THW, zafin ruwa. PIM, zuƙar iska. IGT, umarnin wuta. IGF, amsarta. Launukan ma da haruffa aka rubuta su, daga sunayen Ingilishi, B baƙi, W fari, R ja, G kore. Da suka zo kan L yaron ya tsaya, don babu launin da ya sani mai farawa da haka. Matashin ya ce shuɗi ne, tun da baƙi ya riga ya ɗauke B. Ɗana ya rubuta a takarda. Kowace waya sai an gwada ta da mita daga wannan kai zuwa wancan, a liƙa ta da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, a manna mata ƴar takarda mai suna. Akwai wayoyi masu rigar ƙarfe a ciki, irin ta na'urar salansa, ya ce waɗannan labarinsu siriri ne, ba a kwantar da su kusa da wayoyin buji, in an ƙara musu tsawo sai da irinsu. Ya fasa rami a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, ya sa masa zoben roba don kar bakin ƙarfe ya yanke waya. Ya kankare fenti da tsatsa a inda wayoyin mas ke ɗaurewa a jikin inji. Ya sa fiyus da rile a wutar ƙwaƙwalwa da ta famfo.

Sai ya nuna mini abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Tiyon mai da aka bari na kafireta ne, wanda aka yi don ƙarfin da bai kai rabin bar ba, alhali famfon allura na tura mai da ƙarfi kusan bar 3. Tiyon ya riga ya kumbura a wuri ɗaya, kusa da inji mai zafi. A cikin wannan motar na ɗauki tsohuwata. Aka canza shi a take, aka gyara hanyar da ragowar mai ke komawa tanki.

Ranar ta uku da la'asar aka murza makulli. Ƙwan ya kama, inji ya tashi, ƙwan ya mutu, alamar ba ƙorafi. Dattijo ya matso, ya karkata kai, ya ce akwai inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Matashin ya duba mitarsa bai ga komai ba. Dattijo ya bi da yatsa har ya kama wani siririn tiyo da ya tsage a bayan inji. Aka canza, ƙarar ta kwanta. Matashin ya yi dariya ya ce: «Baba, wannan kam babu shi a littafi.»

Da zan biya shi na ja shi gefe na ce ya yafe mini bulalar tocila da bencin baya. Ya ce: «Haba Mushe, ai ba komai. Ɗan karatun da kuka matsa mini da shi, da shi nake ci yau. Abokan aikina da ba su iya ba, in aka kawo mota mai kalkilatar sai su yi ta canza kaya har mai mota ya gaji.» Ban san ko ya faɗa don ya sanyaya mini rai ba ne. Na dai koma gida ina tunanin yara nawa na zaunar a wancan benci cikin shekarun da na yi ina koyarwa, da abin da hannuwansu suka iya wanda ban taɓa tambaya ba.

Ƴan uwana iyaye, da yawanmu muna cire yaro daga makaranta mu kai shi garaji da tunanin can ba a buƙatar karatu. A zamanin kafireta wannan tunani ya yi aiki, dattijon nan shaida ne, ya ciyar da iyali da kunnensa da hannunsa. Amma motocin da ke shigowa ƙasar nan yanzu kusan duk masu ƙwaƙwalwa ne, wasu ma ƙwaƙwalwarsu a ɗaure take da makullinsu, ba ta tashi da wani. Yaron da ba ya iya bin zane, ba ya iya karanta adadi a mita ya gane 300 daga 3000, zai ƙare yana wanke kayan aiki ga wanda ya iya. Mu kuma malamai, muna tsoratar da ɗalibi da garaji kamar kurkuku ne, muna koyar da lissafi da darasin lantarki a allo ba tare da mun taɓa nuna inda suke aiki ba. Ni da kaina na shekara da shekaru ina koyar da tarawa, ban san cewa tarawar adadi biyu a cikin waya ɗaya ce ke shanye mini mai ba. A nan Maradi muna da makarantar fasaha ta Dan Kassawa, amma ban tuna ranar da na ambace ta ga wani uba a matsayin abin da za a yi wa yaro fata ba.

Wanda zai sayi inji mai allura, ga abin da na biya kuɗi na koya. Ka tabbata an ba ka ƙwaƙwalwarsa ta asali da damin wayoyinsa ba a yanke ba, da na'urorin da ke manne a jikin mota ba a jikin inji ba, in mai makullin tsaro ne har da makullin. Kar ka yarda a ɗaure akwatin da aka yi don cikin ɗaki a kusa da inji. Ka kuma nemi a rubuta maka abin da aka haɗa.

Nawa yana nan a akwatin takardun mota, shafi biyu da rubutun ɗana, kowace waya da sunanta da launinta da inda ta bi. Mun yi yarjejeniya ni da shi. Zai zauna har ya yi BEPC, duk hutu kuma yana wajen matashin nan, daga baya mu duba makarantar fasaha tare. Makinsa na faransanci har yanzu yana ba ni ciwon kai, kuma akwai ranakun da nake ganin zuciyarsa tana garaji ko da yana gaban littafi. Na lissafi da kimiyya sun ɗan ɗago. Bana a ajina na fara zagaya wurin zama duk wata, na baya su dawo gaba. Makon jiya na kai tocila uku da batir da guntayen waya, na raba yara rukuni-rukuni na ce su kwance su gaya mini ta ina wuta ke bi. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara ita ta fara kunna nata ƙwan.